Na biya kasona na bashi, me ya sa kamfani ke bina da na abokaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina cikin damuwar da ta hana ni barci kusan mako biyu ke nan. Ni da abokaina biyu muka karɓi kaya bashi daga wani kamfani, muka sa hannu mu uku a kan yarjejeniya guda, kuma a cikinta akwai sharaɗin da aka fassara mana da cewa mun ɗauki nauyin biya "a haɗe kuma a ɗaiɗaice". Bayan haka muka rubuta wata takarda a tsakaninmu, muka raba bashin gida uku daidai, aka buga mata hatimi, har muka yi takardar rantsuwa a kanta. Ni na biya kasona cif, rasit yana hannuna. Ɗaya abokin ya yi ɓatan dabo, amma yayansa ya same ni a gaban shaidu ya ce shi zai biya kason ƙaninsa, har yau shiru. Na ukun kuwa ya karye, ba shi da abin biya. Yanzu lauyan kamfanin ya aiko mini da wasiƙa yana neman ragowar kashi biyun duka daga gare ni, yana cewa takardarmu da alkawarin yayan ba su shafe su ba, domin wai babu wata aba da ya kira "firibiti" tsakaninsu da kamfanin. Wanda ya rubuta mana takardar ya ce in kwantar da hankalina, barazana ce kawai. Mene ne ma'anar wannan kalma, kuma da gaske za su iya karɓar bashin wasu daga hannuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Wanda ya ce maka barazana ce kawai bai yi maka adalci ba, domin bisa ga yadda ka kwatanta lamarin, lauyan kamfanin yana kan hujja mai ƙarfi, kuma idan ka zauna kana jiran ta wuce da kanta, abin da zai biyo bayan wasiƙar shi ne sammaci. Kana da hanyoyin rage asara, wasu ma masu kyau ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke farawa da cewa ai ka riga ka biya naka.

Kalmar da ta ɗaure maka kai ta fito ne daga dokar Ingila, kuma mafi kusa da ita a Hausa shi ne alaƙar yarjejeniya, wato igiyar da ke ɗaure waɗanda suka ƙulla alkawari da juna, su kaɗai. Ƙa'idar tana da baki biyu. Wanda ba ya cikin yarjejeniya ba zai iya kai ƙara don a cika masa ita ba, ko da don amfaninsa aka yi ta. Haka nan ba za a iya ɗora masa nauyinta ba, ko da an ambaci sunansa a kowane shafi. Shari'ar da ake yawan kafa hujja da ita ita ce ta Tweddle da Atkinson a 1861, inda mahaifin ango da mahaifin amarya suka rubuta alkawarin cewa kowannensu zai ba angon kuɗi, ɗaya fam 100, ɗaya fam 200. Mahaifin amaryar ya rasu bai biya ba, angon ya kai ƙarar mai kula da gadonsa, kotu ta kore shi, saboda alkawarin tsakanin dattawan biyu aka yi shi, shi kuwa bai ba da komai a madadinsa ba. A 1915 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ƙara ƙarfafa ƙa'idar a shari'ar Dunlop da Selfridge. Kamfanin tayoyin ya sayar wa dillali, dillalin ya sayar wa kantin Selfridge bisa sharaɗin ba za a karya farashi ba, kantin ya karya, Dunlop ya kai ƙara ya faɗi, domin da dillali kantin ya yi alkawari. Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan hanya a shari'ar Ikpeazu da bankin African Continental a 1965, kuma haka abin yake a mafi yawan ƙasashen da suka gaji dokar Ingila. Dokar Faransa ma, da waɗanda suka ɗauko daga gare ta, tana da kwatankwacinta, domin sashe na 1199 na kundin dokokin hulɗar jama'a ya ce yarjejeniya ba ta haifar da wajibi sai a tsakanin waɗanda suka ƙulla ta.

An daɗe ana sukar bakin farko na ƙa'idar, kuma ni ma ina cikin masu ganin ta zalunci mutane da yawa. Shari'ar Beswick ta 1967 ta isa misali: dattijo mai sayar da gawayin kwal ya miƙa wa ɗan ɗan'uwansa kasuwancinsa bisa sharaɗin in ya mutu a riƙa ba matarsa fam 5 kowane mako, yaron ya biya sau ɗaya ya daina, matar kuma ba ta iya cin nasara da sunanta ba, sai da ta shigo a matsayin mai kula da gadon mijinta. Saboda irin wannan ne ƙasashe suka yi ta gyara. Gana ta buɗe ƙofa tun a dokar kwangila ta 1960, Niyuzilan a 1982, Ingila kanta a 1999, Jamus kuwa tun asali kundinta na 1900 ya yarda da yarjejeniyar da aka yi don amfanin mutum na uku. Amma ka lura da wurin da duk gyare-gyaren nan suka tsaya. Sun ba baƙon yarjejeniya damar karɓar amfanin da aka tanadar masa, babu ɗaya daga cikinsu da ya yarda mutum biyu ko uku su zauna a ɗaki su rage haƙƙin wanda ba ya nan. Bakin na biyu yana nan da kaifinsa a ko'ina, kuma shi ne ya yanke ka. Takardar da kuka rubuta ku uku yarjejeniya ce ingantacciya a tsakaninku, kamfanin kuwa baƙo ne a gare ta, don haka ba za ta iya sauya ko ƙwayar zarra daga abin da yake binku ba.

Batun yayan abokinka ma a nan ya faɗo. Kai ya yi wa alkawari, bai yi wa kamfanin ba. A wasu wurare, musamman Amurka tun shari'ar Lawrence da Fox ta 1859 a jihar Niyok, mai bin bashi yana iya kama wanda ya yi wa wani alkawarin zai biya bashin, amma wannan ƙarin mutum ne da mai bin bashi ya samu idan ya ga dama, ba ya tilasta masa barin wanda ya sa masa hannu tun farko. Ko kai ma da aka yi wa alkawarin, kama shi ba abu ne mai sauƙi ba a dokar Ingila da 'ya'yanta, sai ka nuna abin da ka bayar a madadi, misali ya roƙe ka ka dakata da kai ƙarar ƙaninsa ka kuma dakata saboda roƙonsa. Idan kuma kotu ta ɗauki maganarsa a matsayin lamuni, to dokar Ingila ta 1677, wadda ƙasashe da dama suka gada, tana buƙatar lamuni ya kasance a rubuce da sa hannun mai lamunin. Har a 2003 kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta ƙi tilasta lamunin baki a shari'ar Actionstrength, duk da cewa kamfanin da aka yi wa alkawarin ya ci gaba da aiki saboda dogaro da shi. Shaidu goma ba sa maye gurbin layi biyu na rubutu a irin wannan hali.

Sai kalmomin da suka fi komai nauyi a takardarka, wato "a haɗe kuma a ɗaiɗaice". Idan yarjejeniya ta ce a ɗaiɗaice kawai, kowa da bashinsa daban, ko da a takarda ɗaya aka rubuta, kuma da haka taku take da yanzu ka fita. Idan ta ce a haɗe kawai, alkawari ɗaya ne kuka yi ku duka, kowa yana ɗauke da dukkan bashin, sai dai a al'adar kotunan Ingila akan so a haɗa ku a ƙara ɗaya. Idan kuwa aka gama biyun, kamar yadda aka yi muku, to mai bin bashi ya sami alkawarin taro da kuma alkawari na daban daga kowannenku a kan jimillar kuɗin, yana da zaɓin ya kama ku duka, ko biyu, ko ɗaya, kuma ba sai ya faɗi dalilin zaɓinsa ba. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya karɓi fiye da abin da yake bi. Ƙasashe sun sha bamban a kan abin da za a ɗauka idan takarda ta yi shiru. Faransa ta ce a sashe na 1310 ba a ɗaukar haɗin nauyi sai doka ko yarjejeniya ta faɗa, ko da yake a harkar kasuwanci kotunanta suna ɗaukarsa. Jamus ta ce a sashe na 427 idan an yi shakka a ɗauka an haɗa. Dokar kwangila ta Indiya ta 1872 ta ce a sashe na 43 ana iya tilasta wa kowane ɗaya daga cikin masu alkawarin taro ya cika shi duka. Ku takardarku ba ta yi shiru ba, don haka wannan saɓani bai amfane ka da komai ba.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin da wuya mako ya wuce ban ga mai irin matsalarka ba, kuma kusan dukkansu da jimla ɗaya suke shigowa: "ai na biya kasona." Wannan kalma ta kaso ita ce ramin. A idon mai bin bashi babu wani abu mai suna kasonka. Bashi ɗaya ne, mutum uku suka rungume shi, abin da ka biya an rage shi daga jimilla, ragowar kuma tana wuyanka daidai yadda take wuyan wanda ya gudu da wanda ya karye. Mutane suna shiga irin wannan yarjejeniya da tunanin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, alhali dalilin da ya sa kamfani ya nace a kan wannan sharaɗi tun farko shi ne don kada hakan ta kasance. Ka tambayi kanka me ya sa aka yarda aka ba ku kayan. Mai yiwuwa a cikinku akwai wanda da shi kaɗai ya je ba za a ba shi komai ba, an ba shi ne don an ga sunan mai abin hannu a gefen nasa. Haɗarin gudun ɗaya ko karyewar ɗaya, wanda a ƙa'ida mai ba da bashi ne ke ɗauka, wannan sharaɗi ya ɗauke shi daga kan kamfanin ya mayar da shi kan wanda ya fi kowa riƙon amana a cikinku. Wannan ne ya sa koyaushe wanda ya biya a kan lokaci, mai adireshi sananne, mai dukiyar da ake gani, shi ake fara aika wa wasiƙa, kuma babu wata doka da ta ce a fara da mai laifi.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne rawar da masu rubuta takardu marasa ilimin shari'a suke takawa a cikin wannan ɓarna. Mutum ya kwafi tsohuwar yarjejeniya, ya sauya sunaye, ya buga hatimi ja, ya aika ku ku yi rantsuwa, ya karɓi ladansa, ku kuma ku tafi da zaton kun gina katanga tsakaninku da mai binku bashi. Hatimi yana nuna cewa an biya harajin takarda ko an sa hannu a gaban wani jami'i, iyakarsa ke nan. Takardar rantsuwa kuwa magana ce ta wanda ya rantse, shaida ce a kan abin da shi ya faɗa, ba ta ɗaure wanda bai rantse ba kuma bai sa hannu ba. Da a ce rantsuwa tana rage bashi, da kowane mai cin bashi ya je ya rantse cewa rabi ake binsa. Na sha ganin mutum ya zaro irin wannan takarda daga jaka cikin alfahari, an lulluɓe ta da leda don kada ta lalace, yana nuna mini tambari uku ko huɗu, in tambaye shi ina sa hannun mai bin bashin, sai ya yi shiru. Idan babu wannan sa hannu, yawan tambari bai ƙara mata komai ba. Wanda ya rubuta muku takardar, da ya san aikinsa, da tambayarsa ta farko ita ce ku kawo masa yarjejeniyar da kuka yi da kamfanin ya karanta. Yanzu kuma da abin ya fashe, maimakon ya ce bai sani ba, sai ya ce barazana ce, domin ranar da za a zo ƙwace kaya ba ƙofarsa za a ƙwanƙwasa ba.

Akwai reshe na biyu na wannan ruɗu da nake ji kullum, wato "ai kamfanin ya san mun raba." Sani daban, yarda daban. Ma'aikacin kamfani yana iya zama a wurin lokacin da kuke rabon, ya gyaɗa kai, ya ma karɓi kuɗi daga kowannenku dabam-dabam har tsawon shekara, duk wannan bai nuna kamfanin ya sauke haƙƙinsa ba, musamman da yake yawancin yarjejeniyoyin kasuwanci suna ɗauke da sharaɗin cewa ba a sauya su sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin, da wani kuma mai cewa sassauci ko jinkirin neman haƙƙi ba yafewa ba ne. Mai bin bashi yana da ikon sayar da bashinsa ga wani ba tare da neman izininka ba, ya ishe shi ya sanar da kai, domin a wurinka duk ɗaya ne ko wa ka biya. Amma wanda ake bi ba shi da ikon miƙa nauyinsa ga wani sai da yardar mai bin, domin a wurinsa ba duk ɗaya ba ne ko wa zai bi. Hanya ɗaya da za ta sa yayan abokinka ya maye gurbin ƙaninsa, ko ta sa bashin ya rabu uku da gaske, ita ce sabunta yarjejeniya, wato a rushe tsohuwar a ƙulla sabuwa da yardar kowa, har da kamfanin.

Reshe na uku shi ne rasit. Rasit yana shaida cewa an karɓi kuɗi kaza a rana kaza, ba takardar sallama ba ce. A dokar Ingila ma abin ya fi haka tsanani, domin tun shari'ar Foakes da Beer ta 1884 aka tabbatar cewa biyan wani ɓangare na bashi ba ya sauke ragowar ko da mai bin ya ce ya yafe, sai an ƙara wani abu sabo a madadi ko an yi yafewar a takarda ta musamman da doka ta tsara yadda ake ƙulla ta. Kotuna sun sassauta wannan a wasu halaye inda mutum ya dogara da yafewar kuma zai zama zalunci a janye ta, amma ban taɓa ba wa kowa shawarar ya jingina dukiyarsa a kan wannan sassauci ba.

Kada kuma wani ya ce maka wannan mugunta ce ta dokar Turawa kawai. Malaman fiƙihu sun san wannan babi sarai a ƙarƙashin lamuni, wanda kundin Majalla na Daular Usmaniyya ya bayyana da haɗa wuya da wuya wajen neman haƙƙi, kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ce mai lamuni mai biya ne. Mafi yawan malamai sun ba mai bin bashi zaɓin ya nemi wanda ya ga dama tsakanin mai bashi da mai lamuni. Malikiyya sun sassauta, suka ce ba a kama mai lamuni matuƙar mai bashin yana nan kuma yana da hali, sai in an sharɗanta akasin haka, amma ka ga a lamarinka ɗaya ba ya nan, ɗaya ba shi da hali, kuma an sharɗanta. A babin hawala ma, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa wuyan wani, jumhur, wato mafi yawan malamai, sun sharɗanta yardar mai bin bashi. Duk ta inda ka biyo, ba a sauya wa mutum wanda zai bi bashi a bayan idonsa. Saboda haka nake roƙon mutane, don Allah, su daina ɗaukar sa hannu tare da wani a matsayin alheri maras nauyi irin na raka aboki unguwa. Wanda ya sa hannu a ƙarƙashin waɗannan kalmomi ya ci bashin duka ne shi kaɗai, ya kuma ranta wa abokansa nasu kason ba tare da jingina ba, ko ya san haka ko bai sani ba. Idan ba za ka iya ranta wa mutum wannan adadi daga aljihunka ka yi barci ba, to bai kamata sunanka ya zauna kusa da nasa a irin wannan takarda ba.

To, takardar taku ba ta zama banza ba, an dai nufe ta inda ba ta da aiki. Amfaninta yana tsakaninku ku uku, domin a nan alaƙar yarjejeniya take cikakkiya. Duk wanda ya biya fiye da abin da ya hau kansa a cikin masu bashin taro yana da haƙƙin komawa kan sauran su mayar masa, kuma takardarku ita ce hujjar yadda rabon yake. A ce bashin 90 ne, kowa 30, ka riga ka biya 30, aka tilasta maka ka ƙara 60. Kana bin kowane ɗayansu 30. Idan ya tabbata cewa na ukun ya karye da gaske, to kasonsa ba ya faɗawa kanka kai kaɗai, ana raba shi ne tsakanin masu hali, ka ɗauki 45, wanda ya gudu ya ɗauki 45 idan an same shi da abin biya. Haka kotunan adalci na Ingila suka daɗe suna yi, haka sashe na 1317 na kundin Faransa ya ce, haka kuma sashe na 43 na dokar Indiya. Bugu da ƙari, idan kamfanin yana riƙe da wata jingina ta ɗayansu, wanda ya biya bashin duka yana da haƙƙin a miƙa masa ita ya tsaya a matsayin mai bin bashin, abin da dokar Ingila ta tanada tun 1856. Na san haƙƙi a kan wanda ya ɓace da wanda ya tsiyace ba ya cika aljihu yau, amma masu gudu suna dawowa, masu karyewa suna farfaɗowa, kuma hukuncin kotu yana jiran mutum shekaru.

Kafin ka biya ko ka yi alkawarin biya, akwai abubuwan da nake so lauyanka ya bincika a cikin ainihin yarjejeniyar, ba fassarar da aka yi muku da baki ba. Ya duba dokar wace ƙasa aka ce za ta yi hukunci, ya duba ko a matsayin mai bashi ka sa hannu ko a matsayin mai lamuni, domin mai lamuni yana da kariyar da mai bashi ba shi da ita, misali idan an sauya sharuɗɗan bashin ko an ƙara wa mai bashi wa'adi ba da yardarsa ba. Mafi muhimmanci, ya gano ko kamfanin ya taɓa sallamar ɗaya daga cikin abokanka, wataƙila wanda ya karye ya je ya sasanta da su a ɓoye. A tsohuwar ƙa'idar Ingila sallamar ɗaya daga cikin masu bashin taro tana sallamar sauran gaba ɗaya, sai in mai bin ya keɓe haƙƙinsa a kansu. A Faransa tana rage musu gwargwadon kason wanda aka yafe wa. A Indiya kuwa ba ta sallamar su. Ya kuma nemi cikakken lissafi a rubuce, domin irin waɗannan wasiƙu sukan zo da kuɗin ruwa da tara da ladan lauya waɗanda yarjejeniyar ba ta ba da izininsu ba.

Kada ka bar wasiƙar ba amsa, kuma kada ka amsa ta da hannunka cikin fushi ko cikin roƙo, domin amincewa da bashi a rubuce tana iya sabunta wa'adin da doka ta ba mai bin bashi ya kai ƙara. A bar lauya ya rubuta. Kamfanoni da yawa sun gwammace tabbataccen kuɗi a hannu da shari'ar shekara biyu, don haka akwai damar a sasanta a kan adadin da bai kai 60 ɗin ba, ko a kan biya kaɗan-kaɗan, amma duk abin da aka cimma a rubuta shi a takardar sallama wadda ta ambaci sunanka, ta ce an sallame ka daga dukkan bashin, kuma ta bar maka haƙƙinka na komawa kan abokanka. Idan sun riga ka zuwa kotu, lauyanka ya roƙi a shigo da abokan biyu cikin ƙarar domin a yanke nasu rabon a zama ɗaya. Shi kuwa yayan abokinka, ka je masa tun maganarsa tana da ɗumi, a cikin girmamawa, ka roƙe shi ya rubuta abin da ya faɗa ya sa hannu, a faɗi adadin da ranar biya da abin da kai ka yarda ka dakata da shi a madadi, in so samu ne a yi zaman tare da wakilin kamfanin mai ikon sa hannu, a rubuta sunansa cikin waɗanda ake bi.